ClassDojo a zangon kaka: abin da take kai wa iyaye da abin da take zubarwa a hanya

A ƙasashen da shekarar karatu ke farawa cikin kaka, watanni uku na farko, Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokacin da malamin firamare ya fi yawan abin faɗa wa iyaye. Yaran sababbi ne a hannunsa, iyayen ba su san shi ba. Ga jadawalin mako, ga ranar ɗaukar hoto, ga fita ta farko zuwa gona ko gidan tarihi, ga ganawar iyaye da malamai da yawanci ake sawa a Oktoba ko Nuwamba. Sanyi kuma na shigowa a hankali, rana na faɗuwa da wuri, mura na zagaya aji. Manhajar da makarantu da yawa ke ɗora wa wannan aiki ita ce ClassDojo, wadda Sam Chaudhary da Liam Don suka ƙirƙira a 2011, kamfanin kuma yana San Francisco a Amurka. Kyauta ce ga malami, tana aiki a wayar Android da iPhone, ana kuma buɗe ta a kwamfuta ta intanet. Wajen nuna wa iyaye abin da ake yi a aji, da wuya a samu wadda ta fi ta sauƙi. Wajen isar da saƙon da dole ne ya isa kuwa, tana da ramuka, kuma yawancinsu a makonni biyu na farko ake toshe su ko a faɗa ciki.

Buɗe aji ba ya cin lokaci. Malami zai rubuta sunan ajin, ya jera sunayen yara, manhajar ta ba kowane yaro ɗan dodon zane a matsayin hotonsa. Sunan yaro da harafin farko na sunan mahaifinsa sun isa, babu dalilin zuba cikakken suna. Wahalar tana wajen haɗa iyaye. Ana iya buga takardar gayyata mai ɗauke da lambar kowane yaro, ko a tura gayyatar ta imel ko lambar waya. Takardar da aka saka a jakar ɗan shekara shida ba ta cika isa gida lafiya ba, wadda ta isa ma tana haɗuwa da matsaloli da aka saba gani. Uba zai sauke manhajar ya zaɓi shiga a matsayin ɗalibi ko malami, alhali lambar da ke hannunsa ta iyaye ce, sai ta ƙi shiga ya haƙura. Uwa mai yara biyu a makarantar za ta buɗe asusu na biyu maimakon ta ƙara yaron a asusunta na farko, daga nan saƙonnin aji ɗaya su riƙa zuwa inda ba ta dubawa. Mafi yawa kuma, lokacin da waya ta tambaya ko a bar manhajar ta riƙa turo sanarwa, mutum ya danna a'a ba tare da ya karanta ba. A wajen malami sunansa ya fito cikin waɗanda suka haɗu, amma wayarsa ba za ta taɓa yin ƙara ba.

Maganin duk wannan shi ne a yi haɗin ido da ido, a taron farko da iyaye ko a bakin ƙofa lokacin tashi, kowa da wayarsa a hannu. A gayyaci duk wanda ke kula da yaron, domin ana iya haɗa fiye da mutum ɗaya da yaro guda, kuma sau da yawa mai zuwa ɗaukar yaro ba shi ne ya karɓi takardar ba. Bayan haka malami ya tura saƙon gwaji ya roƙi kowa ya amsa da kalma ɗaya. Wanda bai amsa ba cikin kwana uku, a ɗauka bai haɗu ba, ko me jerin sunayen ya nuna.

Inda manhajar ta yi fice shi ne sashen da ake kira Class Story, shafin da malami ke saka hoto, bidiyo ko rubutu, iyaye da ɗaliban ajin kaɗai ke gani. Gani ya kori ji. Yaron da aka tambaya me aka yi yau a makaranta ya ce ba komai, shi ne zai ɓarke da labari idan aka nuna masa hoton teburinsa. A ɗauki darasin ganye, wanda kusan kowane ƙaramin aji ke yi a wannan lokaci. Yara sun tsinto ganyaye a filin makaranta, sun baje su a kan takarda, rawaya gefe guda, ja gefe guda, masu baki kamar zarto daban. Malama ta ɗauki hoton hannuwansu a kan ganyen ta rubuta: "Iyaye, barkanku da yamma. Yau mun rarraba ganye bisa launi da siffa. Ku tambayi yaranku me ya sa ganye ke komawa rawaya idan yini ya gajarta. Mun koyi cewa sinadarin da ke sa shi kore ne ke ƙarewa, sai launin da ke ɓoye ya bayyana." Layi huɗu ke nan, amma sun ba iyaye tambayar da za su yi, sun kuma ba su amsar don kada su tsaya shiru idan yaron ya kakare. Hoton da ba shi da irin wannan bayani, yabo kawai yake jawowa, ba ya haifar da hira a gida.

Yawan sakawa ma yana da iyaka. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, da hoto uku ko huɗu kowane karo, sai kuma rubutu guda na mako da ke fita a rana ɗaya da lokaci ɗaya kullum, yana faɗin abin da aka koya, abin da ke tafe da abin da za a kawo. Malamai da yawa suna farawa da zafi a Satumba, hotuna goma a yini, kafin tsakiyar Oktoba sun gaji shafin ya yi tsit, iyaye kuma su fara tunanin ko wani abu ya faru. Akwai wani abin da ake mantawa. Kyamara tana bin yaran da ke zaune a gaba da masu fara'a. A ajin yara 25 ko 30, idan malami bai ajiye jerin sunaye yana sa alama ba, za a samu yaron da wata guda bai fito a hoto ko ɗaya ba, kuma mahaifiyarsa ta lura tun makon farko. A tabbata kowa ya fito aƙalla sau ɗaya cikin mako biyu.

Raunin Class Story shi ne sabon abu yana tura tsoho ƙasa. Sanarwar fita zuwa gona da aka saka ranar Litinin, kafin Alhamis hotunan zane sun binne ta. Manhajar tana nuna wa malami waɗanda suka ga abin da ya saka, amma wannan alama tana nufin an buɗe ne kawai, ba ta tabbatar an karanta har ƙarshe. Saboda haka duk abin da ke da rana da lokaci a saka shi a sashen taruka, inda manhajar ke tura tunatarwa kafin ranar ta zo, kuma a sanar tun saura mako biyu domin masu aiki su nemi izini. A rubuta rana, lokaci da abin da ake buƙata a layin farko, tunda shi kaɗai ke fitowa a fuskar waya. Izinin fita da yaro daga makaranta kuwa, a bar shi a takardar da makaranta ta amince da ita, mai sa hannu. Alamar zuciya a ƙarƙashin hoto ba za ta tsaya wa malami ba idan wani abu ya faru a hanya.

Batun hoto yana buƙatar natsuwa fiye da yadda sauƙin manhajar ke sa mutum ya ji. Duk abin da aka saka a shafin aji, iyayen kowane yaro suna gani, kuma babu abin da zai hana wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura Facebook. A nemi izinin iyaye a rubuce kafin hoton farko. A kowace makaranta akan samu yaron da bai kamata a san inda yake karatu ba, saboda rikicin gida ko umarnin kotu, kuma kuskure ɗaya ya isa. A duba bayan hoton ma: allon da ke ɗauke da cikakkun sunaye, takardar sakamako a kan tebur, jerin masu shan magani a bango. Aikin yaro ɗaya, musamman wanda ke nuna inda yake da rauni, wurinsa shi ne jakar ayyukansa ta cikin manhajar, wadda iyayensa da malami kaɗai ke gani. A Amurka akwai dokokin kare bayanan ɗalibai da yara, FERPA ta 1974 da COPPA ta 1998, a Tarayyar Turai kuma akwai dokar kare bayanan mutane, GDPR, da ta fara aiki a 2018, don haka malami ya tambayi shugabansa ko an amince da manhajar kafin ya zuba sunan yaro ko ɗaya.

Saƙon kai tsaye tsakanin malami da iyaye yana da kyau ƙwarai, domin babu wanda ke ganin lambar wayar wani. Wannan kaɗai ya sa manhajar ta fi rukunin WhatsApp, inda lambar kowa ke fili kuma sanarwa ɗaya ke nutsewa cikin godiya talatin. Akwai saitin lokutan hutu da ke sanar da iyaye cewa malami ba ya kan aiki. A kunna shi tun ranar farko, a kuma faɗa wa iyaye cewa amsa na zuwa cikin yini guda na aiki. Abu biyu kada a yarda su bi ta nan: canjin wanda zai ɗauki yaro, da sanarwar rashin lafiya. Malami yana gaban allo, ba zai ga saƙon da aka turo da tsakar rana ba sai bayan tashi. Waɗannan na ofishin makaranta ne, ta kiran waya. Ya kamata a maimaita wannan ƙa'ida a ƙarshen Oktoba, lokacin da mura ta yi yawa kuma ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba a yawancin Turai, Lahadin farko ta Nuwamba a yawancin Amurka, duhu ya fara riskar masu tashi a makare.

Manhajar tana fassara rubutu zuwa harsuna da dama da dannawa ɗaya, abin da ke taimakon iyayen da ba sa jin harshen makarantar. Fassarar inji ce, saboda haka a rubuta gajerun jimloli, a guji karin magana, a rubuta sunan wata da haruffa. Wanda ya rubuta 10/11 ya bar wasu suna jiran 10 ga Nuwamba, wasu 11 ga Oktoba. Rubutun da ke cikin hoto, kamar takardar sanarwa da aka ɗauka da kyamara, ba ya fassaruwa, sai an sake buga shi a matsayin rubutu.

Abin da na fi ƙi a manhajar shi ne tsarin maki. Malami yana ba yaro maki don taimakon wani ko mai da hankali, yana kuma iya cire masa don surutu ko barin kujera, iyaye su gani a wayarsu. A watan farko yara ƙanana suna kan koyon dokokin aji ne. Jan maki, wato makin da aka cire wa yaro, da ya isa wayar uba yana wurin aiki ba ya ɗauke da bayanin cewa yaron ya tashi ne don ya ɗauko fensirin da ya faɗi. Uban zai yini da abin a ransa, yaron ya dawo gida ya tarar da tuhuma, hirar ganye kuma ta mutu. Idan ana haska makin a allon aji, kowa ya san wanda ke ƙasa, kuma kusan kullum yara biyu ko uku ne, waɗanda suka fi buƙatar a ja su a jiki. A saitin aji akwai zaɓin abin da iyaye za su gani. A bar shi a kan maki na yabo kaɗai, ko a ɓoye gaba ɗaya. Matsalar hali ta gaske tana buƙatar murya, ta waya ko a zaune.

Iyaye za su riƙa ganin tayin ClassDojo Plus, tsarin da ake biya. A faɗa musu a wasiƙar farko cewa ba sa buƙatarsa don ganin hotunan aji ko yi wa malami magana, domin wasu suna ɗauka makaranta ce ta wajabta. Bidiyo yana cin data, a taƙaita shi zuwa rabin minti. Gidan da ba shi da babbar waya a buga masa rubutun mako a takarda, a miƙa wa babba hannu da hannu.

Makarantar da ta fi damuwa da tara ayyukan yara da sauraron karatunsu za ta fi jin daɗin wata manhajar mai suna Seesaw. Wadda ke son gajeren saƙo kawai, manhajar Remind na kai shi a matsayin saƙon tes a Amurka ko da ba a sauke manhaja ba. Ga malamin ƙananan azuzuwa da ke son iyaye su san ajinsa cikin watanni ukun farko, ClassDojo ce zan ba da shawara, da sharaɗin a rufe jan maki kuma a bar izini a takarda. Mako guda kafin ganawar iyaye, a sake buɗe jerin sunaye, a fitar da waɗanda ba su buɗe komai ba tun Satumba, a kira su ɗaya bayan ɗaya a ba su lokacin ganawarsu da baki.