Ɗakin da Aka Yi wa Ayarin Teku Rakiya: Ra'ayina kan Gidan Tarihi na Western Approaches

Wanda bai san wurin ba zai iya wuce ƙofarsa bai waiwaya ba, domin ginin Derby House da ke bayan zauren majalisar birnin Liverpool a Ingila bai bambanta da sauran ofisoshin unguwar ba. Sai mutum ya gangara ƙarƙashin ƙasa sannan zai gane cewa daga nan ne, tun watan Fabrairun 1941 har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojojin ruwan Birtaniya suka riƙa tsara rakiyar jiragen 'yan kasuwa da ke keto Tekun Atlantika da abinci da man fetur da makamai. Wurin nan ne aka mayar da shi gidan tarihi na Western Approaches, sunan da ake kiran yankin tekun da ke yammacin Birtaniya da kuma rundunar da ta tsare shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne babban ɗakin tsara yaƙi. Taswirar teku ta cinye bango guda daga sama har ƙasa, ga kuma faffaɗan tebur a tsakiya, inda 'yan mata ma'aikatan rundunar sojan ruwa suka riƙa matsar da alamun jirage a lokacin yaƙin gwargwadon saƙonnin da ke shigowa dare da rana. Daga sama akwai tagar gilashi ta ofishin babban kwamanda, kujerar da Admiral Max Horton ya gada daga Percy Noble a Nuwamban 1942. Na daɗe tsaye a gaban gilashin nan, saboda a nan ne na fahimci cewa aikin madugu aka yi a wurin: a tara jirage masu yawa su tafi ayari guda, a kewaye su da 'yan rakiya, a kuma karkatar da hanyarsu da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun yi kwanton ɓauna a gaba. Rufin siminti mai kaurin ƙafa 7 shi ya raba su da bama-baman da aka yi ta zuba wa birnin.

An gyara wani lungu ya koma kamar titin shekarun 1940 da kantunansa, kuma yara za su ji daɗinsa, amma ni ban tsaya a nan ba.

Sai dai taswira ba ta jiƙewa. Daga wannan ɗaki, jirgin da ya nutse alama ce kawai da ake cirewa daga bango, alhali kimanin jiragen kasuwanci 3,500 ne suka salwanta a wannan fafatawa, tare da rayukan ma'aikatan jiragen kasuwancin Birtaniya fiye da 30,000, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma da Indiyawa da Sinawa. Akwai kuma sojojin da aka ɗora kan jiragen 'yan kasuwan da bindiga, suna ci suna kwana da matuƙa, idan nakiya ta tashi kuma su nutse tare. Irin waɗannan 'yan mazan jiya karramawa ba ta cika zuwar musu da wuri ba. Waɗanda suka raka ayari zuwa arewacin Rasha cikin ƙanƙara sai a 2013 aka fara ba su lambar yabo ta Arctic Star, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce ya ware wa gidan tarihin kamar sa'a biyu, ya sa takalmin da zai iya hawa da saukar matakala da shi, sannan idan ya fito kada ya ɗauka ziyara ta ƙare. Ya taka zuwa bakin kogin Mersey, wurin da ake kira Pier Head, tafiyar 'yan mintuna ce. A can zai tarar da allunan sunayen waɗanda teku ce kabarinsu, da kuma mutum-mutumin Kyaftin Johnnie Walker yana fuskantar ruwa, mutumin da rukunin jiragensa ya nutsar da jiragen ƙarƙashin ruwa 6 a fita guda a farkon 1944, ya kuma rasu a watan Yulin shekarar yana da shekara 48, bayan aiki ya ci ƙarfinsa.