Nono na tsartuwa, riga na jiƙewa: me mai jego za ta saya, me za ta bari a kanti?

An fi jin kukan matan da nono bai ishi jariransu ba, shi ya sa wadda nata ya yi yawa ba ta cika samun mai saurarenta ba. In ta yi magana sai a ce ta gode wa Allah. Alhali kuwa tana shan wahala: jariri ya kama nono, bayan ɗan lokaci sai ya ƙware, ya yi tari, ya saki yana kuka, nonon kuma yana tsartuwa a fuskarsa. Ɗaya ɓangaren yana ta ɗiga, riga ta jiƙe, zanin gado ya jiƙe. Cikin yaron ya cika da iska saboda haɗiyar gaggawa, wani lokaci kashinsa ya zo kore mai kumfa.

Kafin a fitar da kuɗi, a san yadda abin yake aiki. Sinadarin oksitosin, wanda jikin uwa ke samarwa, shi ne ke matse ƙananan jakunkunan da ke cikin nono ya turo ruwan waje, kuma yana matse ɓangarorin biyu a lokaci guda. Shi ya sa ana shan dama, hagu na zuba. Kukan jariri, ko tunaninsa kawai, ko ruwan zafi na wankan jego, duk suna iya tayar da shi. Yawan nonon kuwa ya dogara ne da yawan abin da aka cire. Kamar rijiya yake, ana ɗiba tana ƙara kawowa. Saboda haka kayan da ake sayarwa kashi biyu ne: masu tare abin da ya zubo da kansa, da masu jawo shi. Na farkon suna rage wahala. Na biyun, ga mace mai yawan nono, sukan ƙara ta. Kuma ga yawancin mata zubar tana lafawa tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, don haka ba abin da za a yi wa sayayyar shekara ba ne.

Fad ɗin rigar nono: na yarwa ko na wankewa

Fad shi ne abin da ake sakawa cikin rigar nono don ya shanye nonon da ya zubo. Na yarwa su ne aka fi gani a kemis da shagunan kayan jarirai, a kwali mai guda 24, 36 ko 60. A cikinsu akwai garin da ke shanye ruwa ya zama kamar jeli, bayansu kuma leda ce marar kauri da ɗan gam mai manne wa rigar nono. Suna shan ruwa sosai, ba sa nunawa a ƙarƙashin riga, kuma sun fi komai dacewa da ranar suna, zuwa asibiti ko komawa wurin aiki. Matsalarsu biyu. Ta farko lissafi: mace mai zuba sosai takan canza sau 4 a yini, wato guda 8, ke nan kwali mai 60 mako guda ne da ɗan ɗoriya. A ninka wannan da mako 8 ko 10 na zubar a ga abin da zai ci. Ta biyu ledar nan ta baya. Tana hana iska shiga, kuma a zafin Kano ko Sakkwato na watan Afrilu, gumi da nono sukan haɗu a kan fata su jiƙa ta har ta tsage, ƙwayar fangas ta samu wurin zama. In za a saya, a ɗauki wanda kowane guda ke cikin takardarsa, marar turare, mai gam layi biyu don kada ya zame. Wanda audugarsa ke marmashewa tana mannewa a kan nono, a bar shi.

Na wankewa ana ɗinka su da auduga ko zaren gora, wasu da shafi mai hana ruwa wucewa a baya. Sun fi sanyi a jiki, kuma sau ɗaya ake sayensu. Sai dai ba sa riƙe ruwa kamar na yarwa, in sun cika za su wuce zuwa riga. Biyu-biyu sau 6 zuwa 8 ne ke isar mai zuba da yawa, don wasu na jiki, wasu na kan igiya. A damina a ƙara, tunda shanya ba ta bushewa da wuri. A wanke su da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Kada a sa musu ruwan nan mai sa tufafi laushi da ƙamshi, domin yana rufe zaren ya daina shan ruwa.

A ganinmu, abin da ya fi duka riba shi ne wanda tela zai ɗinka. A samu tsohon yadin auduga mai laushi ko sabon nafkin na ƙyalle, a yanka da'ira mai faɗin santimita 10 zuwa 12, a haɗa shafi 3 ko 4, a bi gefen da ɗinki. Kada a sa yadin roba irin su leshi ko shifon a ɓangaren da ke taɓa fata. Wannan na zaman gida, sai a ajiye kwali ɗaya na yarwa don fita. Ko wanne aka zaɓa, dokar ɗaya ce: da ya yi danshi a cire. In ya bushe ya manne a kan nono, a jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin a ɗaga, kada a fizge.

Akwai kuma wani fad na silikon marar auduga, wanda ke mannewa a fata ya danne kan nono don kada ya zuba. Yana da amfani na awa biyu ko uku a wurin biki. Ga mai yawan nono ba na kullum ba ne, don toshe mafita na tsawon lokaci na iya jawo kumburi da ƙululu.

Kofin tara nono da famfon silikon

Waɗannan biyun ake yawan rikitawa, kuma bambancinsu shi ne dukkan maganar.

Kofin tara nono ɗan kwano ne mai rami a tsakiya, ana sa shi cikin rigar nono, kan nonon ya shiga ramin, abin da ya ɗiga ya taru a ciki. Ba ya zuƙa. Yana ɗaukar kaɗan ne, kuma in aka sunkuya ɗaukar yaro ko aka yi ruku'u sai ya zube ta ƙofar iskar da ke samansa. In rigar nono ta matse, gefen kofin yana danna nono ya ƙara zubar. Amfaninsa na gaskiya shi ne a sa shi a ɗaya ɓangaren lokacin shayarwa kawai, a cire bayan an gama. Nonon da ya daɗe a ciki yana shan ɗumin jiki ba na bai wa jariri ba ne, a zubar.

Famfon silikon, wanda kamfanin Haakaa na New Zealand ya yi fice da shi, kuma kasuwa ta cika da kwaikwayonsa, kwalba ce mai laushi mai ɗaukar mililita 100 ko 150. Ana matse gindinta a manna a nono, sai ta riƙa zuƙa a hankali. Masu talla suna cewa nonon da zai zube a banza take tarawa. Ba haka ba ne gaba ɗaya: tana jawo fiye da abin da zai ɗiga da kansa. Matar da ke cire mililita 60 a kowace shayarwa, sau 8 a yini, ta cire kusan rabin lita, jikinta kuma zai ɗauka akwai wani yaro na biyu da ke buƙatar wannan, ya ƙara samarwa. Idan an riga an saye shi, a riƙe shi a ƙarƙashin nono ba tare da an matse ba, ya zama kofi kawai.

Injin tatsa na hannu ko na lantarki

Ga wannan matsalar, kada a saya. Mai komawa aiki ko makaranta da za ta bar wa yaro nono, ita tana da dalili, kuma na hannu ya fi mata sauƙi inda wuta ba ta tsayawa. Amma mai tatsa don ta ji sauƙi, ta zazzage nonon tas, gobe za ta tashi da wanda ya fi na yau. In nono ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa, hannu ya isa: a sa babban yatsa sama da manuni ƙasa, kimanin santimita 2 zuwa 3 daga kan nono, a tura baya wajen ƙirji sannan a matse, minti ɗaya ko biyu, daidai yadda wurin zai yi laushi. Wadda za ta ajiye kuma ta sani cewa awa 4 da ake cewa nonon da aka tatsa zai iya yi a ɗaki bai lalace ba, na wurin da zafi bai wuce digiri 25 ba ne, kwana 4 kuma na firij ɗin da bai mutu ba. A lokacin bazara a nan, kada a jira awa 4 ɗin.

Rigar nono da shimfiɗa

A sayi ta auduga, marar ƙarfe a ƙasa, mai buɗewa ta gaba da hannu ɗaya. A gwada bayan nono ya kawo, wato daga kwana na 3 zuwa na 5, da fad a ciki. In yatsu biyu ba su shiga ƙarƙashin maɗaurinta ba, ta yi kaɗan. Guda 3 sun isa. Maigida, in kai za ka je kasuwar, ka tafi da tsohuwar rigarta ka ɗauki wadda ta fi ta girma, kuma ka yi yarjejeniyar canji da mai shago. Ɗaure ƙirji tamau da zani ba ya rage nono, toshe hanyoyinsa yake yi. Na dare kuwa, ledar katifa irin ta jarirai a ƙarƙashin zanin gado da tawul a ninke a sama sun wadatar. Tawul ɗin ya tsaya a gefen uwa, kada ya kai kusa da fuskar yaro.

Abin da ba a sayarwa

Ƙwarewar jariri ba kayan kanti ke maganinta ba, yanayin zama ne. Ki jingina baya sosai da filo biyu, ki ɗora shi a kan cikinki rub da ciki, kansa ya fi kan nono tsawo, yadda ruwan zai yi hawa maimakon gangara. Kwanciya ta gefe ma tana aiki, don abin da ya yi masa yawa zai zubo ta gefen baki. Da kin ji nono ya kawo da ƙarfi, ki sa ɗan yatsa a gefen bakinsa ki cire shi, ki tare tsartuwar da ƙyalle har ta lafa, sannan ki mayar da shi. Ki shayar kafin yunwa ta sa shi kuka, domin mayunwacin yaro da ƙarfi yake zuƙa, ki kuma sa shi gyatsa a tsakiyar sha. In nono ya kawo kina cikin mutane, ki naɗe hannuwa a ƙirji ki danna kan nonon na ɗan lokaci, yakan tsaya. Nonon da ya taɓa riga ba najasa ba ne, zubarsa kuma ba ta karya alwala.

Ki bar yaron ya gama ɓangare ɗaya kafin ki juya shi. Akwai dabarar ba da ɓangare guda na tsawon awa 3 sannan a koma ɗayan, tana rage nono da sauri, don haka ba a fara ta a makonnin farko, ba a yin ta sai awo ya nuna yaro na ƙara nauyi sosai, kuma da sanin ma'aikaciyar lafiya, na 'yan kwanaki kaɗai. Ƙyalle mai sanyi na minti 10 bayan shayarwa yana rage kumburi. Gashi da ruwan zafi da murza mai ƙarfi ƙara shi suke yi. Hulba da sauran haɗin ƙara nono da ake kawo wa mai jego, wannan karon a yi godiya a ajiye. Ƙwayoyin busar da nono irin su bromokiriftin kuwa ba na saye a kemis da ka ba ne, suna da hatsari musamman ga mai hawan jini.

In wani gefe na nono ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da ciwon jiki, a ci gaba da shayarwa, kuma in awa 24 ta wuce babu sauƙi a tafi asibiti. Haka nan in kan nono ya tsage yana zogi bayan an gama sha, ko aka ga farin abu a bakin yaro da ba ya gogewa, ko fitsarinsa bai kai sau 6 a yini ba, ko kuma yana ƙwarewa har launin leɓensa ya canza. Wannan na ƙarshen ba a kwana da shi.