Garin silikat mai hasken shuɗi cikin duhu: sharhi kafin a saya

Garin nan da ake sayarwa a intanet da sunan Sr2MgSi2O7:Eu,Dy (sinadarin silikat mai ɗan ƙarfen yurofiyam, Eu, da disfurosiyam, Dy, a ciki) yana shan haske da rana, da dare ya riƙa fitar da shuɗi mai tsawon zango kusan nanomita 470 (awon da ke nuna launin haske). Ɗan'uwansa kore, SrAl2O4:Eu,Dy, wanda kamfanin Nemoto na Japan ya fito da shi a shekarun 1990, ya fi shi ƙarfin haske, wannan ba gardama. Amma koren ba ya shiri da ruwa: a dama shi a fentin ruwa ba a lulluɓe ƙwayoyinsa ba, sai ya lalace ya dushe. Na silikat kuwa yana jurewa, kuma dalilin sayensa ke nan.

Ingancinsa daga tanderu yake fitowa. Ana haɗa garin sinadaran SrCO3, MgO da SiO2, a sa ɗan Eu2O3 da Dy2O3, da ɗan H3BO3 mai saukaka haɗuwarsu, a gasa a digiri 1200 zuwa 1300 na ma'aunin Celsius cikin iskar naitirojin mai kashi 5 na haidirojin. Wannan iskar ce ke mayar da yurofiyam daga Eu3+, mai ba da ja, ya zama Eu2+, mai ba da shuɗin. In iskar waje ta sulale ciki, gari zai fito da kyan gani, amma aikin ya ɓaci. Gwajin ba wuya: haska shi da tocilan UV (hasken da ido ba ya gani, irin na duba jabun kuɗi) ta nanomita 365. In ka ga ja-ja a ciki, kuma ya mutu da ka kashe tocila, mayar wa masu sayarwa da kayansu.

Inda muke da ja da masu sayarwa shi ne tsadar da suke ɗora wa na “nano”, wato mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Ana yin sa ta hanyar sol-gel (haɗi cikin ruwa har ya yi kauri, sannan a gasa) da TEOS, ruwan sinadari mai ba da silika, kuma laushinsa na da amfani ga tawadar ɗab'i da shafi siriri. Sai dai duk ƙanƙantar ƙwaya, tabon da ke fatarta na ƙaruwa, shi ke cinye hasken. Mai yin alamar hanyar fita ko zubin epoksi (ruwan roba mai sandarewa) ya ɗauki mai ɗan tsaki-tsaki, zai fi haske kuma ya fi daɗewa.

Kada a niƙa garin, kada a gauraya da ƙarfe, tsinken katako ya isa. A shafa shi kan farin fenti. Yana da nauyi, yakan kwanta a gindin epoksi, don haka a bari ya fara kauri kafin a zuba. Ƙwan lantarki mai hasken rawaya ba ya cika shi da haske sosai, sai rana ko UV.