Farfaɗiya ce ko shanyewar ɓarin jiki? Abin da CT da MRI suke nunawa

Hajiya sannu, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce ya faɗi yana jijjiga, da ya farfaɗo hannu da ƙafarsa na dama suka ƙi motsi, an yi masa hoton ƙwaƙwalwa na CT an ce ba a ga komai ba, shi ne kike tambaya wanne ne a cikin biyun, kuma me ya sa likita ke neman a ƙara da wani hoton ƙwaƙwalwar mai suna MRI.

Toh da ido kam ko likita sai ya yi da gaske. Shanyewar ɓarin jiki matsalar jini ce, ko jijiya ta toshe wani sashen ƙwaƙwalwa ya rasa jini, ko ta fashe jini ya zuba, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta. Ita farfaɗiya kuwa lantarkin ƙwaƙwalwa ne yake hargitsewa na ɗan lokaci. Amma bayan jijjiga wasu ɓarin jikinsu kan saki, baki ya karkace, magana ta ƙi fita, sak mai shanyewa, sai dai wannan yana warwarewa da kansa, yawanci kafin kwana 2. Wani likita a Landan, Robert Todd, ya yi bayaninsa tun 1849. Abin da ke ƙara dagula lissafi, ita shanyewar ma tana iya zuwa da jijjiga, musamman in jini ne ya zuba.

CT ana fara yinsa ne saboda sauri, 'yan mintuna an gama, kuma in jini ya zuba nan take zai fito fari tas a hoton. Amma in toshewa ce, a awannin farko hoton na iya fitowa lafiya lau alhali ɓarna tana kan faruwa a ciki, to kinga "ba a ga komai ba" ba yana nufin babu shanyewa ba, yana nufin dai ba a ga jini ba. Mai farfaɗiya ma haka nasa yakan fito, shi ya sa CT kaɗai bai raba gardama.

MRI ya fi shi ido. Akwai nau'insa da ke nuna inda jini ya yanke cikin mintuna, wurin ya yi haske daidai yankin da jijiya ɗaya take ciyarwa. Na farfaɗiya kuwa ko dai ba a ga komai, ko a ga canjin da bai bi iyakar jijiya ba, daga baya ya ɓace. Matsalarsa ya fi daɗewa, ya fi tsada, ba kowane asibiti ke da shi ba, dole mutum ya kwanta shiru cikin na'ura mai ƙara, kuma mai wasu ƙarafa a jiki ba a sa shi. Wani lokacin sai a yi CT da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi a ga ko akwai toshewa, ko a yi EEG, wayoyin nan da ake liƙawa a fatar kai, don shi ne ke kama lantarkin farfaɗiya.

Ni abin da ya fi damuna lokaci ne. Allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya ana ba da ita ne cikin awa 4 da rabi daga fara ciwon, mu kuma sau da yawa sai a ce iska ce a zauna a gida har gari ya waye. A yi addu'ar a mota ana tafiya asibiti mana. Kuma kar a ba shi asfirin kafin hoto, in jini ne ya zuba ƙara shi zai yi.

Ki gaya wa likitan ƙarfe nawa aka ga Baba lafiya na ƙarshe, ko jijjigar ce ta riga mutuwar hannun, ko ya taɓa yin irinta, da magungunan da yake sha. Ki tambaya ko an auna sugansa ma, don faɗuwar suga tana kwaikwayon duka biyun. In da hali a yi MRI ɗin yau, kar a jira hannun ya dawo da kansa.