WHDLoad ta ceto mini wasannin Amiga daga faifan da ke ruɓewa

Akwatin faifan fulofina ya haura shekara talatin a hannuna, kuma duk buɗewar da zan yi sai na tarar wani ya mutu. Na baya-bayan nan da na zura a kwamfutata Amiga 1200, sai na'urar ta kama gurnani, ta ja ta tsaya, ta ja ta tsaya. Na zare shi, na tura marfin ƙarfen gefe, na haska fitila: fumfuna ce fari-fari kwance a kan faifan. A ranar na ƙudura kwashe abin da ya rage zuwa rumbun ajiyar na'urar tun kafin a wayi gari babu ko ɗaya.

Wanda bai san Amiga ba zai ce ai kwafa ce kawai. Ina! Faifanta na yau da kullum yana ɗaukar KB 880, da'ira 80 a kowace fuska, kowace da'ira yanki 11. Sai dai na'urar ba ta tilasta wa kowa wannan tsari. Zuƙo da'irar take yi sukutum, manhaja ta fassara. Nan masu haɗa wasanni suka samu ƙofa. Wani ya ƙirƙiro tsarinsa, wani ya cusa wa da'ira bayanan da suka fi ƙarfin abin da na'urar gida ke iya rubutawa, wasu kuma suka ɗaura makullin Copylock na Rob Northen, wanda ke auna lokacin da karanta wani yanki ke ɗauka don ya gane na asali ne ko kwafi. Uwa-uba, yawancin wasannin da zarar sun tashi sai su ture tsarin Amiga gefe su riƙe na'urar da kansu. To wanda ya kori maigida, wa zai nuna masa hanyar rumbu?

Wannan ƙullin manhajar WHDLoad ta zo warwarewa. Wani Bajamushe, Bert Jahn, ya fito da ita a 1996, bayan shekara biyu da durƙushewar Commodore, kamfanin da ya ƙera Amiga. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi wa wasanni kuɗin goro. Kowane wasa da nasa ɗan fayil mai ƙarewa da .slave, wanda wani ya zauna ya rubuta bayan ya bi cikin wasan layi-layi. Duk inda wasan ya nemi fulofi, sai fayil ɗin ya karkatar da shi ga hoton faifan, wato kwafinsa da ke cikin rumbu. Inda ya tsaya duba makulli, a wuce da shi. Idan an rubuta shi ne don Amiga 500 mai ƙwaƙwalwar sarrafawa 68000, yana tuntuɓe a kan 68020 na 1200 saboda sauri, nan ma a gyara. Wasanni dubbai aka yi wa wannan hidima ɗaya bayan ɗaya, kuma ina jin nauyin mutanen da suka ba da dararensu a kanta.

Da Turrican II na 1991 na fara. Manhajar girkawar ta nemi faifan asali, na zura, wani ɗan shiri mai suna RawDIC ya bi da'irorin yana ƙirgawa ina kallo, gabana na faɗuwa kada ya ci karo da matacciya. Ya kai ƙarshe lafiya. Na danna gunkin sau biyu, 'yar taga ta leƙo ta ɓace, sai ga wasan. Babu gurnani, babu jira. Da na gama na taɓa F10, sai ga ni a Workbench, babban allon tsarin Amiga, ba tare da na kashe na'urar na kunna ba kamar yadda na saba tun ina yaro. Wani abin da ban zata zai taɓa ni ba: da can kullum a buɗe nake barin 'yar kafar kariyar faifai don tsoron kada wani abu ya rubutu a kai, saboda haka makin da na ci ba ya kwana. Yanzu wasanni da dama suna adana shi a rumbu, washegari in tarar da sunana yana nan.

WHDLoad tana da nata sharuɗɗan. Tana son Kickstart, wato manhajar da ke tayar da Amiga, siga ta 2.0 zuwa sama, don haka Amiga 500 mai 1.3 ba ta ciki sai an sauya mata. Tana kuma cin RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta na'urar. MB 2 da 1200 ke zuwa da shi ya ɗauki ƙananan wasanni, amma a manyan sai allo ya riƙa ƙiftawa baƙi duk sa'ad da ta koma rumbu ɗebo bayanai. Sai da na ƙara kati mai MB 8 sannan zaɓin Preload ya samu wurin loda komai tun farko, ƙiftawar ta ɗauke. Wasu wasannin kuma sai an ajiye musu hoton Kickstart 1.3 a jakar Devs:Kickstarts da sunan kick34005.A500, tare da fayil ɗinsa na RTB. Dare guda na ɓata a nan, ashe harafi ɗaya na kuskure a sunan.

A da akan yi rajistar WHDLoad a biya, amma tun daga siga ta 18.2 kyauta ce. Ga mai Amiga da ke da rumbu ko katin ajiya na CompactFlash a mazauninsa, shawarata ya fara da faifan da ya fi so, kuma ya duba fuskarsa da fitila kafin ya zura, don fumfuna tana ɓata kan na'urar karatu ta shafa wa na gaba. Abin da WHDLoad ba ta iyawa shi ne tayar da faifan da ya riga ya mutu. Cikin arba'in da ɗoriya da na gwada, bakwai sun ƙi karantuwa, har da wancan mai fumfuna. Na ware su a wata leda daban, na kasa zubarwa.