Ziyarata Cibiyar Arvo Pärt a ƙasar Istoniya

Na je Laulasmaa ranar wata Asabar, tafiyar kusan kilomita 35 daga Talin, babban birnin Istoniya, inda nake karatu. Cibiyar Arvo Pärt, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Istoniya, tana nan cikin daji, dogayen itatuwa sun kewaye ta ta ko'ina, kuma a shekarar 2018 aka buɗe wannan ginin. Akwai ɗakin karatu, da ma'ajiyar takardunsa, da zauren kiɗa, da ƙaramar majami'a. Na shiga zagayen da ma'aikaciya ke jagoranta. Shawarata ga mai zuwa ita ce ya bi wannan zagaye, kada ya yi yawo shi kaɗai.

Na daɗe ina sauraron kiɗan Pärt da dare, amma ban san daga ina wannan natsuwar ta fito ba. Labarin ƙuruciyarsa ne ya kama ni. An haife shi a Paide a 1935, ya tashi a Rakvere wajen mahaifiyarsa. Fiyanon gidansu maɓallansa na tsakiya sun lalace, sai yaron ya riƙa wasa da na can sama da na can ƙasa. Idan rediyo ya sa kiɗa ta lasifikar dandalin gari kuwa, sai ya hau keke ya yi ta zagaya wurin yana saurare. Na tsaya shiru da na ji wannan. Yau duk wanda ya san kiɗansa ya san yadda sauti siriri ke tafiya a kan wani mai kauri, tsakaninsu fili.

Sauran tarihin an bi shi da sauri: shiga makarantar kiɗa a Talin a 1954, aikin soja inda ya buga ganga ya kuma busa obo (dangin algaitarmu ce), sai babbar makarantar kiɗa hannun malaminsa Heino Eller, ya kammala a 1963. Tun yana ɗalibi yake aikin daidaita sauti a gidan rediyon ƙasar, a zamanin Tarayyar Sobiyet. Na so a ƙara tsayawa a nan, domin kunnen da ya shekara kusan goma yana tace sautin wasu ba ƙaramin horo ya sha ba.

A duba lokacin motar komawa Talin tun kafin a taso. Ni na ware awa biyu, na ƙare da yin huɗu, yawancinsu a ɗakin karatu, ina kallon daji ta gilashi.