Kwana Goma a Ƙafa Daga Masauki Zuwa Masauki: Sharhi Kan Zagayen Annapurna

Na daɗe ina jin cewa a ƙasar Nepal mutum yana iya yin makonni yana tafiya a ƙafa cikin tsaunukan Himalaya ba tare da ya ɗauki tanti ko tukunya ba, domin duk ƙauyen da dare ya riske shi akwai masaukin da zai ba shi ɗaki da abinci. A watan Nuwamba ni da wani abokin aikina muka je muka gwada, inda muka biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na birnin Katmandu ya shirya mana tafiyar da ake kira zagayen Annapurna, wato kewaya jerin tsaunukan Annapurna a ƙafa, da jagora ɗaya da ɗan dako ɗaya, da kuɗin ɗaki da abinci sau uku a rana. Abin da zan faɗa a nan ya shafi abin da muka biya da abin da muka tarar, kuma tun da wuri ina shaida cewa mafi darajar abin da kuɗinmu ya saya shi ne jagoran, ba ɗakunan ba.

Kafin a kai ga dutse akwai batun takardu. Yawancin baƙi suna karɓar bizar Nepal a filin jirgi, amma masu fasfo na Najeriya da Ghana da Kamaru suna cikin waɗanda ba a ba su wannan dama, saboda haka dole ne a samo ta daga ofishin jakadanci tun kafin a tashi. Kamfanin ya taimaka da wasiƙar gayyata, ya kuma yankar mana takardar shiga yankin Annapurna da ake karewa, wadda kuɗinta rupi 3,000 ne ga baƙo, kuma ana duba ta a shingaye da dama a kan hanya. Tun daga watan Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta sanar da cewa baƙo ya riƙa tafiya da jagora mai lasisi a irin waɗannan yankuna. Da farko na ɗauki wannan doka a matsayin hanyar tatsar baƙi kawai, daga baya kuwa na sauya ra'ayi.

An buɗe wa baƙi wannan hanya a 1977, kuma a da ana farawa ne da ƙafa tun daga garin Besisahar, a yi kusan mako uku. Yanzu titin mota ya bi kwarin kogin Marsyangdi har zuwa Manang, ya cinye kusan rabin tsohuwar hanyar. Mu ma mota ƙirar jif ce ta kai mu Dharapani, kuma a wannan rana ne ƙasa ta zaftare ta toshe titi, muka kwana a wani ƙauye da ba ya cikin jadawalinmu. Kwanakin farko, daga Dharapani zuwa Chame, su ne mafi rauni a tafiyar, domin sau da yawa mun bi titi muna shaƙar ƙurar motoci da babura, ko da yake jagoran yana karkatar da mu ta tsoffin turbobi a duk inda suka rage. Wanda ya biya kuɗin jirgi daga Afirka don ya guje wa ƙura ba zai ji daɗin wannan sashe ba, kuma takardar tallan kamfanin ba ta ambaci titin ko sau ɗaya ba.

Daga Pisang ta Sama abin ya canza. Hanya biyu ce ke zuwa Manang, ta ƙasa mai sauƙi da ta sama mai bi ta ƙauyukan Ghyaru da Ngawal, sai jagoran ya zaɓa mana ta sama. Hawan Ghyaru ya ɗauke ni kusan awa biyu ina tsayawa bayan kowane taku ashirin, amma da na kai na juya, sai ga Annapurna ta Biyu, mai tsayin mita 7,937, tsaye a gabana fara fat, kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Gidajen ƙauyen na dutse ne masu shimfiɗaɗɗen rufi, an jibge itacen girki a kansu, ga tutocin addu'a na mabiya addinin Buddha suna kaɗawa. Jagoran ya koya mana cewa idan aka zo katangar duwatsu masu rubutun addu'a ana bi ta hagunta ne, a bar ta a hannun dama, kuma muka kiyaye wannan domin girmama masu gari. Don mai karatu ya kwatanta, Chappal Waddi a jihar Taraba, wanda shi ne wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, mu kuwa tun a Chame, mai kusan mita 2,670, mun riga mun kwana a samansa.

Masaukan, waɗanda ake ce wa gidajen shayi, kusan tsarinsu ɗaya ne. Ɗaki gado biyu ne na katako da katifar soso da bargo, bangon kuwa siririn katako ne wanda tarin maƙwabci ma ana ji ta cikinsa, kuma babu abin ɗumama ɗaki ko kaɗan. Kuɗin ɗaki kaɗan ne ƙwarai, domin ribar mai gida a abinci take, shi ya sa ake sa ran baƙo ya ci a inda ya kwana, wanda kuma ya ci a waje sai a ninka masa kuɗin ɗakin. Duk abin da ke buƙatar wuta ko makamashi kuwa kuɗinsa daban ne: cajin waya, da intanet, da bokitin ruwan wanka, har da ruwan zafi a filas. A nan ne na fara samun saɓani da kamfanin, domin an rubuta mana cewa wanka da ruwan zafi yana cikin kuɗinmu, amma daga Pisang zuwa sama kowane masauki ya ce bai san da wannan yarjejeniya ba, muka riƙa biya daga aljihu. Farashi yana hawa yadda ake hawan dutsen, kuma ban ga laifin masu masaukin ba, tunda na ga alfadarai da mutane suna haurawa da buhunan shinkafa da tukwanen gas a wuraren da mota ba ta kaiwa.

Rayuwar masauki duk a ɗakin cin abinci take, inda akwai murhun ƙarfe ɗaya tilo a tsakiya. A Yak Kharka, sama da mita 4,000, inda itace ya yi wuya, na zauna ina kallon uwar gidan tana buɗe ƙofar murhun tana cusa busasshen kashin yak, wato wani irin sa mai dogon gashi da ke rayuwa a can. Ba ta kunna wutar sai rana ta faɗi, komai roƙon baƙi, kuma da zarar ta kunna sai kowa ya jawo kujera, a jera safa da takalma a gefe, Bajamushe da ɗan Koriya da Bahaushe gwiwa na gugar gwiwa. Kowa yana kiran ta didi, ma'ana yaya, kamar yadda a yarensu ake kiran namiji babba da kalmar “dai”. Da ta ga ina shirin yin alwala da ruwan randa wanda samansa ya daskare, sai ta riƙe hannuna ta girgiza kai, ta tsiyayo mini ruwan ɗumi daga butar da ke kan murhu, kuma ba ta sa shi a lissafi ba. A sauran wurare sai na riƙa sayen filas ɗaya da daddare in ajiye rabinsa domin asuba. Alƙibla daga can tana wajen yamma ne, muna kuma yin ƙasaru da haɗa salloli, kuma babu masaukin da aka hana mu wurin shimfiɗa darduma.

Game da abinci, shawarata ga Musulmi ita ce ya haƙura da nama har ya sauko, domin ba shi da tabbacin yanka, ga shi kuma naman yakan yi doguwar tafiya kafin ya iso. Abin da ya riƙe mu shi ne dal bhat, shinkafa da romon wani ƙaramin wake da ganye da dankalin turawa da ɗan yaji mai tsami, wanda al'adarsa ita ce a yi ta ƙara wa mutum har sai ya ce ya ƙoshi, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan abinci ne jagora da ɗan dako suke ci safe da dare. Takardar abincin kowane masauki tana ɗauke da taliya da fiza da sauran abincin Turawa, amma duk lokacin da abokina ya gwada su sai ya yi da-na-sani. Ana kuma yawan ba da miyar tafarnuwa da shayin citta da zuma, waɗanda mutanen wurin suke cewa suna taimakawa a kan tsauni. Ban ɗauke su magani ba, amma suna ɗumama ciki.

A Manang, mai kusan mita 3,500, aka yi abin da ya sa nake yaba jagoran. Saboda kwanan da zaftarewar ƙasa ta cinye mana, ofishin kamfanin ya bugo waya yana so a soke ranar hutun da aka tsara a can, domin kada motar da za ta ɗauke mu a ƙarshen tafiya ta yi jira. Ina zaune kusa da shi lokacin da ya ƙi, cikin ladabi amma ba tare da ja da baya ba, ya ce sai dai a rage kwana daga ƙarshe. Da la'asar ɗin ranar ya kai mu ƙaramin asibitin Ƙungiyar Ceto ta Himalaya, inda likitocin sa kai suke yin bayani kyauta kan ciwon da hawa sama ke jawowa. A nan na ji cewa bayan mita 3,000 bai kamata wurin kwanan mutum ya haura na jiya da fiye da mita 300 zuwa 500 ba, kuma ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci gargaɗi ne, idan suka tsananta babu magani kamar sauka ƙasa nan take, domin ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ƙarfi ko ƙuruciya ba sa kare mutum daga wannan. Abokina, wanda ya fi ni motsa jiki nesa ba kusa ba, shi ne ya kwana da ciwon kai a daren farko, kuma ranar hutun ce ta daidaita shi. Kalmar da jagoran ya fi faɗa mana a duk tafiyar ita ce bistari bistari, wato sannu sannu, kuma kowane dare sai ya maƙala mana wata 'yar na'ura a yatsa ya rubuta yawan iskar da ke jininmu a littafinsa.

Ranar ƙetare mashigin Thorong La, mai tsayin mita 5,416, mun bar Thorong Phedi, zangon da ke gindin mashigin, da ƙarfe huɗu na asuba, domin iska tana tsananta a can idan hantsi ya yi. Ba na ganin komai sai hasken tocilan da ke goshina da jerin fitilun waɗanda suka riga mu, suna lanƙwasa sama kamar taurari. Ruwan gorata ya daskare kafin gari ya waye. A wannan tsayi iskar da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce, saboda haka na koma ƙirga taku goma in tsaya in numfasa sau biyar. Wurin ba na wasa ba ne: a watan Oktoban 2014 guguwar dusar ƙanƙara da ta biyo bayan mahaukaciyar guguwar Hudhud ta kashe fiye da mutum 40 a wannan yanki, da yawansu a kusa da mashigin. Mun isa saman bayan kusan awa biyar, muka tarar da allon taya murna lulluɓe da tutoci da wata 'yar bukkar dutse inda ake sayar da shayi mafi tsada da na taɓa sha, ban kuma yi ciniki ba. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, domin saura gangaren kusan mita 1,600 zuwa Muktinath, kuma wannan gangare ya fi hawan wahalar da gwiwoyina. Duk wanda zai je kada ya raina sandunan dogarawa.

Bayan mashigin ƙasar ta zama busasshiya, ja-ja, mai kama da hamada. A Muktinath akwai wurin ibadar da Hindu da mabiya Buddha suke tarayya a kansa, mai bututun ruwa 108 da masu ziyara ke bi ta ƙarƙashinsu duk da sanyin. Daga nan muka sauka Kagbeni, muka bi kwarin kogin Kali Gandaki zuwa Jomsom cikin iskar da ke tasowa kullum kafin azahar tana watsa wa mutum yashi a fuska. Masaukan wannan ɓangare, waɗanda yawancinsu na ƙabilar Thakali ne da suka shahara da karɓar baƙi tun zamanin fataucin gishiri da Tibet, sun fi na baya tsabta da iya girki. A Marpha, garin tuffa, na yi wankan kirki na farko cikin kwana shida.

Ƙorafina na biyu a kan kamfanin ya fi na ruwan wanka nauyi. An gaya mana cewa kayan ɗan dako ba za su wuce kilo 20 ba, amma sai a kwana na uku na gane an ɗora masa wani kaya na kamfanin a kan namu, ga takalminsa na roba ne wanda bai dace da ƙanƙara ba. A Manang muka saya masa safa da safar hannu, muka kuma rage wasu kayan muka ɗauka da kanmu. Da muka dawo Katmandu na faɗa wa mai kamfanin, ya ba da haƙuri, ya mayar mana da kuɗin wankan, amma a kan batun ɗan dakon bai ba ni amsar da ta gamsar da ni ba. Wanda zai yi wannan tafiya ya tambaya a rubuce, tun kafin ya biya, ko ɗan dako yana da inshora da kayan sanyi, ko akwai ranar hutu a Manang da kwana ɗaya na ko-ta-kwana, ya kuma tabbatar inshorarsa ta ƙunshi ɗauko shi da jirgi mai saukar ungulu daga sama da mita 5,000. Ya ɗauki jakar barci mai kauri, domin barguna suna ƙarewa idan baƙi sun yi yawa, ya kuma riƙe isassun takardun rupi tun daga birni. Ihsanin da ake yi wa jagora da ɗan dako a ƙarshen tafiya ba ya cikin kuɗin kamfani, kuma mu mun miƙa wa kowannensu nasa hannu da hannu a Jomsom, ba mu bi ta ofis ba.